Raya Basirar Ƙirƙira a Wurin Yaran Firamare

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa garin Dutsi ko Shargalle, a shiyyar Daura ta Jihar Katsina, bayan an gama girbin gero da dawa, zai iske yara sun duƙufa a kan kara. Sukan fere ɓawonsa su sossoke shi a totuwa, su yanko ƙafafu daga sakaina ko tsohon silifa, kafin la'asar an fito da mota har da ƙofa da mazaunin direba. Babu wanda ya zaunar da su ya karantar da su wannan aiki. Abin tambaya ga mai koyon aikin malanta shi ne, me ya sa yaron da ya ƙera mota da kara yakan zama kurma da zarar ya shiga aji? Wannan darasi zai duba ma'anar ƙirƙira, da yadda malami zai raya ta, da kuma matsayin yaro mai baiwa ta musamman.

Ma'anar Ƙirƙira

Ƙirƙira ita ce iya fito da wani abu sabo wanda kuma yake da amfani ko ma'ana. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya, domin sabon abu marar ma'ana shirme ne, abu mai ma'ana da aka kwafo kuwa kwaikwayo ne. Masana halayyar ɗan Adam sun fara mayar da hankali sosai ga wannan fage bayan jawabin da J. P. Guilford ya yi a Amurka a 1950. Shi ne ya bambanta tunani iri biyu: tunanin da ke tattaruwa zuwa ga amsa ɗaya tilo, da tunani mai rassa wanda ke neman amsoshi da yawa ga tambaya guda. A 1966 E. P. Torrance ya fito da gwaje-gwajen da ke auna tunani mai rassa ta fuskoki huɗu: yawan dabarun da yaro ya kawo, da bambancin fuskokin da ya duba, da yadda dabararsa ta saɓa wa ta kowa, da yadda ya faɗaɗa ta.

Bahaushe bai jira waɗannan masana ba wajen yaba wannan hali. Yana da kalmomin fasaha da hikima da azanci da dabara, kuma ya gina wa yaransa makaranta a dandali. Kacici-kacici yana koya wa yaro ya dubi tsintsiya ya ga garken shanu masu maɗauri ɗaya. Tatsuniyar Gizo darasi ce kan yadda marar ƙarfi ke fita daga tarko da wayo. A wasan tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai kwana 10, yara ne ke tsara kayan wasansu da kansu, su liƙa gemun auduga, su kwaikwayi dattawa. Ke nan yaro ba ya zuwa aji ɗaya hannu rabbana. Aikin malami na farko shi ne kada ya kashe abin da yaron ya zo da shi.

Tambayar Malami

Babban makamin malami a nan ba shi da tsada ko kaɗan, wato irin tambayar da yake yi. A ɗauki labarin Bayajida, wanda kusan kowane yaro a wannan yanki ya ji shi. Malami na iya tambaya: “Mene ne sunan rijiyar da aka kashe maciji a cikinta?” Amsa ɗaya ce, Kusugu, kuma yaro ɗaya ya faɗe ta an gama. Tambaya ce mai kyau a muhallinta, amma ƙwaƙwalwar ajiya kawai ta taɓa. Yana kuma iya cewa: “A ce ku ne mutanen Daura kafin zuwan baƙon, ga maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ta waɗanne hanyoyi za ku samu ruwa?” A nan wani zai ce a haƙa sabuwar rijiya, wata ta ce a tara randuna a cika su ranar Juma'a, wani ya ce a tara ruwan damina, wani kuma ya ce a turara hayaƙi. Idan malami ya jera amsoshin a allo, zai ga fuskokin Torrance guda huɗu a gabansa ba tare da takardar gwaji ba.

Abin da ya fi tambayar wuya shi ne karɓar amsa. Idan wata yarinya ta ce a je a yi sulhu da macijin, aji zai fashe da dariya. Abin da malami ya yi a wannan daƙiƙa shi zai yanke hukunci ko yarinyar za ta sake ɗaga hannu a zangon. Malamin da ya taya aji dariya, ko ya ce “zauna, ba ki san kome ba”, ya koyar da yara 60 ko 70 a lokaci guda cewa shiru ya fi tsira. Wanda ya ce “to, wa za a aika, kuma me za a ce masa?” ya buɗe ƙofar wasan kwaikwayo na mako mai zuwa.

Kada a ɗauka wannan yana nufin a yi watsi da hadda. Yaron da bai san jadawalin sau ba, ba shi da abin da zai yi dabara da shi a lissafi, kamar yadda maƙeri ba ya ƙira sai da ƙarfe. Illar ita ce hadda ta cinye darasi gaba ɗaya. Rashin kayan aiki ma ba hujja ba ce mai ƙarfi, tunda kara da yumɓu da kwalaye da murafun kwalba ba su da kuɗi. Tatsuniya kuwa ana iya tsayar da ita a tsakiya a ce kowane rukuni ya ƙarasa ta. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun dace da wannan aiki.

Yaro Mai Baiwa ta Musamman

A 1978 Joseph Renzulli ya bayyana baiwa a matsayin haɗuwar abubuwa uku: ƙoƙarin da ya ɗara na tsaka-tsaki, da naci a kan aiki, da ƙirƙira. Bisa wannan ma'auni, wanda ke zuwa na ɗaya a jarrabawa ba lalle ne shi ne mai baiwar aji ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sanya irin waɗannan yara cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma gwamnatin tarayya ta kafa musu makaranta a Suleja ta Jihar Neja. Sai dai makarantar ta sakandare ce. Kafin yaron Dutsi ya kai matsayin neman shiga, ya riga ya yi shekara 6 a hannun malamin firamare, wanda ko dai ya gane shi ko ya dusashe shi.

Gane shi ba sauƙi, domin sau da yawa baiwa takan zo da kamar fitina. Yaro ya gama aikin minti 30 cikin minti 5 ya shiga tsokanar na kusa da shi, ko ya riƙa jefo tambayar da ba ta cikin darasi, ko ya cika bayan littafinsa da zane. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka, tun yana yaro yake zanen motoci. Wata baiwar kuma a ɓoye take. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kunya na iya sanin amsa ta yi shiru, haka ma ɗan makiyayi da Fulatanci ya fi zama a bakinsa. Malami zai gano irin waɗannan ne ta aikin rubutu da aikin hannu da ƙananan rukunoni, inda ba sai an miƙe a gaban aji ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a saka wa haziƙi da ƙarin aiki iri ɗaya: ya gama lissafi 10, a ba shi wasu 10. Nan da nan zai gane cewa sauri hukunci ne, sai ya rage. Mayar da shi ɗan rubuta sunan masu surutu ma ba ya ƙara masa kome sai baƙin jini. Abin da ya dace shi ne a zurfafa masa aikin: ya tsara nasa tambayoyin lissafi daga cinikin kasuwa, ko ya je wurin kakarsa ya rubuto tatsuniyar da ba ta cikin littafi. Tsallake aji yana yiwuwa, amma sai an shawarci shugaban makaranta da iyaye, an kuma duba ko yaron zai iya zama da waɗanda suka girme shi.

Jinga

Ɗalibi ya zaɓi darasin Hausa guda ɗaya na aji huɗu, ya tsara tambayoyi 3 masu amsa ɗaya da 3 masu rassa, sannan ya bayyana yadda zai karɓi amsar da bai zata ba.