Yisti: wani na tashin ƙullu, wani na sa ciwo

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, darasinmu na yau a kan yisti ne. Da Faransanci ana ce masa levure. Masu gashin burodi da masu tuyar fanke sun san shi, suna sayensa a kanti. A ido kamar gari yake, amma abu ne mai rai. Yana ci, yana hayayyafa, yana mutuwa. Yisti iri-iri ne. Wani yana yi mana aiki, wani yana kawo ciwo. Ya kamata mu san su duka.

1. Mene ne yisti?

Ƙwayar yisti ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Sai an jera kamar 200 kafin su kai milimita 1. A shekarar 1680 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Lewenhuk, ya fara ganinta da madubi mai ƙara girman abu. Daga 1857 wani masani na Faransa, Luwi Pastar, ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa abinci ya yi tsami ko ya tashi.

Yisti yana cin sukari. In ya ci, sai ya fitar da iska. Iskar nan ce ke kumbura ƙullu, ita ce ke barin ramuka cikin burodi. Yana fitar da barasa kaɗan, zafin gashi kuma yana korar ta. Akwai yisti a jikin hatsi da bawon ƴaƴan itace. Shi ya sa ƙullun masa ke tashi in ya kwana, ko ba a zuba na kanti ba.

Yisti yana son ɗumi. Sanyi yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ƙullu ke daɗewa bai tashi ba lokacin ɗari. Ruwan zafi yana kashe shi. A kwaɓa da ruwa mai ɗumi. A ajiye sauran yisti a rufe, nesa da rana da laima.

2. Aikinsa a masana'antu

Masana sun koya wa yisti yin magani. Ana kiwonsa cikin manyan tankuna, ana ba shi sukari, shi kuma yana samar da abin da ake bukata. Tun 1986 ana yin allurar rigakafin ciwon hanta iri na B da yisti. Wannan rigakafi yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14. Wani kaso na insulin, maganin masu ciwon sukari, shi ma yisti ke yin sa.

3. Yistin da ke sa ciwo

Sunansa kandida. Dabam yake da na burodi, cin burodi ba ya kawo shi. Yana zaune a bakin mutane da yawa da hanjinsu da fatarsu, ba ya cutar da su, domin wasu ƙwayoyi masu amfani suna tare masa hanya. In jiki ya yi rauni, ko ƙwayoyin nan suka mutu, sai ya yi yawa ya zama ciwo.

A bakin jariri: za a ga fari-fari a harshe da cikin kumatu, kamar gudajin nono. Ragowar nono tana fita in an share a hankali. Wannan ba ya fita da sauƙi, in an kankare sai wurin ya yi ja. Yaro yana kuka, yana ƙin mama, yana ramewa.

Ga mata: ƙaiƙayi a gaba, da farin ruwa mai kauri. Likitoci sun ƙiyasta cewa mata 3 cikin 4 suna gamuwa da shi ko sau ɗaya a rayuwa. Ya fi kama masu ciki. Ba abin kunya ba ne.

A fata: ja da ƙaiƙayi a inda gumi ke taruwa, kamar hammata, matsematsi da ƙarƙashin mama.

4. Me za mu yi?

Akwai magani. A 1950 mata biyu masu bincike a Amurka, Elizabet Hazen da Rashel Brawn, suka gano nistatin. Har yau ana ba jarirai shi.

• Kada a kankare bakin jariri, kada a zuba masa toka ko kanwa. A kai shi gidan likita.
• Uwa ta ci gaba da ba da mama. In kan mamanta yana ciwo, ta faɗa, a yi musu magani tare.
• A wanke hannu da sabulu. A tafasa cokali da kofin yaro.
• A shanya tufafi a rana su bushe sarai.
• Kada a sha ƙwayoyin kasuwa irin su tupaye ba da umarnin likita ba. Ba su kashe kandida. Ƙwayoyi masu amfani suke kashewa, su bar masa fili.
• A sha magani har kwanakin da aka faɗa su cika.
• Babban mutum da farin nan ya fito masa a baki, ko macen da ciwon ke yawan dawo mata, su je a auna jininsu. Wani lokaci alamar ciwon sukari ce ko sida.

Mu kula ƙwarai da maganar shan magani barkatai. A 2009 an gano wani sabon irin kandida a Japan, wanda sau da yawa ba ya jin magani. Ya bazu a asibitocin ƙasashe da dama. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin mafi haɗari.

5. Mu gwada a aji

A samo kwalba, a zuba ruwa mai ɗumi, da sukari cokali 2, da yisti cokali 1. A ɗaura balan-balan a bakinta, a jira rabin awa. A yi haka da wata kwalbar, amma da tafasasshen ruwa. Wace balan-balan ta kumbura?

Tambayoyi

1. Me ke sa ƙullu ya tashi?
2. Yaya ake gane ciwon kandida a bakin jariri?
3. Don me tupaye ba ya maganinsa?

Wanda ya karanta, ya karanta wa iyalinsa da maƙwabta.