Waya ɗaya da ta tsayar da intanet ɗin masallaci



A azumin da ya gabata, ina Manchester aka kira ni daga wani masallaci a Birmingham: intanet ya tsaya cak, kyamarori sun ɗauke, ga tarawihin da ake watsawa kai tsaye ta gabato. Ashe wani bawan Allah ne ya ga waya a yashe, ya cusa kanta a na'urar rarraba layuka, wato suwici, alhali ɗaya kan nata yana jikin na'urar.

Wannan shi ne zagaye a mataki na biyu na sadarwa. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adin ƙarewa irin na saƙon IP. Idan hanya ta zama zobe, saƙon da aka aika wa kowa zai yi ta kewaye yana ninkuwa har ya toshe layin.

Alamarsa ita ce fitilun suwici duka su riƙa ƙyaftawa tare babu hutu. Kashewa da kunnawa ba magani ba ne, domin zoben yana nan. Ku cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda fitilu suka lafa da cire ta, ku bi ta har ƙarshenta.

Rigakafi kuwa shi ne tsarin Spanning Tree, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, mai toshe hanyar da ta maimaitu. Yawancin suwici masu arha ba su da shi. Kafin kwamiti ya saya, a tambaya. Kowace waya kuma a rubuta mata suna.

Allah Ya sa mu dace.