Yadda za ki sanyaya abin sha cikin minti 15

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, uwargida kan shiga wani hali idan baƙi suka yi sallama ba zato, ko aka kusa kiran magariba a watan azumi, ga zoɓo an haɗa, ga kunun aya an tace, amma duk da ɗuminsu. Yawancinmu sai mu cusa gorar a firiza mu yi ta leƙe. Firiza kuwa ba ta da saurin da ake ba ta, domin iska mai sanyi ce ke yin aikin a cikinta, iska kuma ba gwanar janye zafi ba ce. Ruwa ya fi ta a wannan aiki fiye da sau 20. Saboda haka idan sauri kike so, ki nufi bokiti.

Ki sayo ƙanƙara, ki sa ta a buhu mai tsabta ki farfasa da taɓarya ta zama ƙanana. Ki zuba ta kai rabin bokiti, ki jera gororin a tsaye, sannan ki ƙara ruwa har ya kamo wuyansu. A nan mutane da yawa ke kuskure: sukan zuba ƙanƙara zalla, suna ganin ruwa zai rage mata ƙarfi. Ƙanƙara zalla tana taɓa jikin gora ne nan da can, sauran wurin duk iska ce. Ruwan ne ke shiga kowane lungu ya lulluɓe gorar baki ɗaya.

Sai gishiri, cikin hannu biyu ko uku, ki motsa sosai. Na awo mai araha ya wadatar. Ruwa da ƙanƙara kaɗai ba sa sauka ƙasa da digiri 0, amma da gishiri ya shiga sai ƙanƙarar ta riƙa narkewa da sauri, sanyin ruwan ya gangara ƙasa da sifili. Idan gishirin ya yi yawa sosai yakan iya kaiwa digiri 21 ƙasa da sifili, ko da yake ba ki bukatar haka. Ki riƙa murza gorar a cikin ruwan duk bayan minti biyu, don abin da ke tsakiya ya zagayo gefe ya sami nasa rabon. Lemo mai gas a hankali ake juya shi, kada a girgiza. Cikin kamar minti 15 za ki ji gorar ta ɗauki sanyi. Kafin ki buɗe, ki ɗauraye bakinta da ruwa mai kyau, kada gishiri ya ɓata miki zoɓo.

Mazubi ma yana da tasiri. Gwangwani ya fi kwalba da roba saurin sanyi, ƙananan gorori huɗu kuma sun fi babba ɗaya. Idan zoɓon bai daɗe da sauka daga wuta ba, ki fara tsoma tukunyar a baho na ruwan famfo ta huce, kada ki yi asarar ƙanƙararki a banza.

Ina roƙonki, ƙanƙarar da aka sayo a bakin titi ta tsaya a wajen gora. Ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba, daskarewa kuma ba ta kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Idan kina son ƙanƙara a cikin kofi, ranar da aka sami wuta ki daskarar da zoɓon kansa. Ko ya narke ba zai tsinke ba.

Wadda ta dage sai firiza, ta kwantar da gorar a ƙasa inda za ta taɓa ƙarfen, ta kuma sa ƙararrawar waya ta rabin awa. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa kwalbar da aka manta ke fashewa.

Idan babu wuta babu ƙanƙara, ki jiƙa tsumma ki naɗe gorar, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, kina sake jiƙawa idan ya bushe. Hikimar randa da tulu ke nan: ruwan da ke bushewa a jikinsu shi ke tafiya da zafi. A kanta Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa a lokacin, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Hanyar tsumman tana aiki sosai da rani, lokacin da iska ke bushe. Da damina kuwa sai a hankali. Ba hanyar gaggawa ba ce, tun da hantsi ake fara ta.

Kunun aya kuma ba ya jira, zafi na 'yan awoyi ya isa ya tsamar da shi. Kina gama tacewa ki ɗura, ki tsoma a bokitin, ki rufe da buhu.