Shuka Bayanan Hausa a Rumbun Gwaji

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ake tanadar rumbun bayanai na gwaji ta layin umarni, da kuma rawar da malamin Hausa zai taka a cikin aikin.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Rumbun bayanai ma'ajiya ce a kwamfuta inda ake tsara bayanai jadawali-jadawali. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya aza harsashin wannan tsari a shekarar 1970. Layin umarni kuwa fage ne da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi maimakon latsa hotuna. Shuka ita ce zuba bayanan misali a rumbun da babu komai a cikinsa. Girkawa kuma ita ce ɗora rumbun inda manhaja za ta same shi.

3.0 Aikin Mataimakiyar Manhaja

Ba a yin gwaji da rumbun ainihi, domin kuskure ɗaya na iya shafe sakamakon ɗalibai baki ɗaya. Don haka akan rubuta 'yar manhaja wadda da umarni guda za ta:

(a) share tsohon rumbun gwaji;
(b) gina jadawalai;
(c) shuka bayanan misali;
(d) girka rumbun.

Wajibi ne ta tantance cewa rumbun gwaji ne a gabanta kafin ta share komai.

4.0 Rawar Malamin Hausa

A ɗauka ana gina rajistar wata firamare a Makera ko Kurfi. Idan sunayen Turawa kaɗai aka shuka, matsaloli biyu za su ɓuya. Ta farko, tsohon tsarin ASCII ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Sai an zaɓi irin tsarin UTF-8 na 1992 sannan su tsira. In ba haka ba, su rikiɗe, har a koma rubuta kafa a gurbin ƙafa. Ta biyu, a harshen SQL alamar da ke wakiltar hamza ita ce ke buɗe rubutu da rufe shi, saboda haka Sa'adatu ko 'Yar'adua na iya karya umarnin da ba a kiyaye ba.

5.0 Kammalawa

Abin da ba a shuka a rumbun gwaji ba, ba za a ga aibinsa ba sai ranar ba da sakamako. Zaɓen irin shukar kuwa aikin masanin harshe ne.

6.0 Jinga

Ɗalibi ya kawo ƙagaggun sunaye ashirin masu ƙugiya da hamza waɗanda suka dace da shuka.