Idan Ka Ji Warin Gas a Tirelar Kwana

Ɗana, na ji ka sayi tirelar kwana, irin ɗakin nan da ake ja da mota, wanda mutanen Amurka ke fita hutu da shi, kuma maiɗakinka tana jin wani wari-wari kusa da murhu, kai kuwa ka ce ƙila kwandon shara ne. Ka saurare ta.

Warin nan da gangan aka zuba shi. Furofen, wato gas ɗin da ke cikin tukwane biyun da ke ɗaure a gaban tirelar, ba shi da wari a asalinsa. Masu sayarwa ne ke sa masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, don hanci ya riga wuta sani. Sai da aka yi asarar rayuka kafin wannan dabara ta zama doka: a 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Teksas, ginin ya tarwatse, mutum kusan 300 suka rasu, akasarinsu yara. Bayan nan jihar ta wajabta sa wa gas wari.

Furofen ya fi iska nauyi, shi ya sa ba ya tashi ya fice ta taga. Gangarawa yake ya kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwari, ƙarƙashin gado, cikin kabad, daidai inda ake yi wa yara shimfiɗa. Da ya ɗan haura kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma ɗakin tirela nawa yake?

Saboda haka in ka ji wari, bincike ba shi ne farko ba. Fitar da kowa. Kashe duk harshen wutar da ke ci, amma kada ka taɓa makunnin fitila ko fanka, ko da kashewa za ka yi. Bar ƙofa a buɗe, ka zagaya gaba ka murɗe bakin tukwanen biyu zuwa dama har su tsaya. In warin ya yi ƙarfi, ko kana jin huci bayan ka rufe, ku yi nisa sannan ka kira 911.

Sai iska ta wanke ɗakin za ka fara dubawa, kuma ka fara da abu mafi sauƙi: maɓallan murhu. A matsattsen wuri, ƙugun mai wucewa ko hannun yaro kan murza su ba a sani ba. In a rufe suke, sami ruwa da sabulun wanke kwanuka a kwalbar feshi, wanda ba amoniya a ciki, don tana cin tagulla. Ashana ko laita kam kada ma su zo maka a rai. Buɗe tukunya ɗaya a hankali, ka fesa a bakinta, a kan koren notin da ake ɗaurewa da hannu, a gajerun tiyo biyun da ke shiga regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin gas, da jikin regiletar kanta. Ka tsaya ka zuba ido. Babban yoyo nan take yake hura balan-balan, ƙarami kuwa sai bayan minti ɗaya ko biyu za ka ga farin kumfa yana taruwa a gefen noti. Masu gaggawa a nan suke wuce shi.

Waɗannan gajerun tiyo su na fi zargi. Rana ta gasa su, sanyi ya daskarar da su, hanya ta girgiza su, sai su tsattsage. Lanƙwasa su kaɗan ka duba. In ka ga tsaga, canza su duka biyun, ba su da tsada, kada ka naɗe da salatif. Leƙa cikin bakin tukunyar ma, akwai wani zoben roba da kan tsufa ya fashe. Ita regileta tana da ɗan ramin numfashi da ya kamata ya kalli ƙasa, zanzaro kan toshe shi da laka.

Daga nan bi bututun da ya ratsa ƙarƙashin tirelar, ka fesa a kowace mahaɗa: ta murhu, ta firji, ta hitar ruwa, ta na'urar ɗumama ɗaki. Notin da ya saki ana ɗaure shi da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa, sannan a sake fesawa. Iyakar aikinka ke nan. Regileta ba a buɗe ta a gyara, canza ta ake yi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai kuma 'yar na'urar ƙararrawa da aka kafa kusa da daɓe. Gaskiya ne takan yi ihun banza in batir ya yi sanyi ko an fesa turare kusa da ita, har wasu su cire mata waya don su samu barci. Wannan ganganci ne. Duba kwanan watan da ke jikinta, yawancinsu shekara 5 zuwa 7 suke yi. Hanci kuma yana gajiya: mai mura da mai barci ba sa jin komai. Tukwanen ma akwai wata da shekarar ƙira a buge a wuyansu, in sun kai shekara 12 sai an sake gwada su.

Wasu kan bar gas a buɗe a kan hanya don firji ya riƙe sanyi. Ni ban yarda da wannan ba, balle a gidan mai. Rufe kafin ka ja mota.

In ka fesa ko'ina ba kumfa amma wari na nan, yoyon yana bayan bango ko cikin wata na'ura. Kai wa ƙwararren mai gyaran tirela ya sa ma'aunin matsi, ya rufe tukwane ya jira minti 3 ya ga ko awon zai sauka. Don Allah kada ka kwana da jikokina a ciki sai an yi wannan awon, kuma ka sanar da ni abin da ya gano.