Amsoshin Tambayoyinku: Girka Ansible a Kwamfutar Cikin Kwamfuta

Malam Habu daga Zariya ya turo tambaya, yana cewa: yaya ake girka manhajar da ke sarrafa kwamfutocin kamfani da yawa a lokaci guda?

To, Malam Habu, mun gode. Mu ɗauki Ansible, manhajar da kamfanin Red Hat ya saya a 2015. Da farko ka buɗe manhajar VirtualBox, ka ƙirƙiri kwamfutar cikin kwamfuta, wato wadda manhaja ce ta samar da ita a cikin taka, ka sa mata Linux. A nan za ka girka Ansible. Ita ce uwar ɗakin da ke ba da umarni.

Abin da ya fi burge ni, ba sai ka girka Ansible a sauran kwamfutocin ba. Ta hanyar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, take shiga cikinsu, muddin suna da manhajar Python. Ka rubuta adireshinsu a fayil guda, aikin da kake so a wani fayil ɗin.

Amma don Allah, kafin gwaji, ka adana hoton yanayin kwamfutar da ka ƙirƙira a VirtualBox. In saiti ya ɓaci, sai ka komar da ita yadda take.