Tallar Gidan Haya Da Hoton Bidiyo

Tun zamanin kakanninmu, wanda yake son sayar da gida dillali yake nema. Dillali ya ɗauki labari ya bi kasuwa da majalisu, in ya sami mai so ya kawo shi ya gani da idonsa, in ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. Har gobe dillalin yana nan, sai dai ya sami sabon kayan aiki. Wayar salula irin ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, daga baya aka kawo masu ɗaukar hoto mai motsi. To, yau ga shi dillali a Kano ko Kaduna ko Zariya yakan zagaya gida da waya a hannu, yana ɗauka yana bayani, sa'an nan ya sa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok. Kafin la'asar, ɗan kasuwar da ke Legas ko wanda ke zaune a Jidda ya riga ya ga gidan. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, shi ne yadda ya kamata a shirya irin wannan bidiyo idan gidan na haya ne, watau mai sassa uku ko huɗu ko shida, kowane sashe da iyalin da ke ciki.

Da farko sai mu gane bambancin masu saye. Wanda zai sayi gidan da zai zauna yana duba fenti da tayil da girman falo, da ko uwargida za ta ji daɗin kicin. Mai sayen gidan haya kuwa watakila ba zai taɓa kwana a ciki ba ko sau ɗaya. Kuɗin da gidan zai riƙa kawo masa kowace shekara su yake saye. Amma abin mamaki, yawancin bidiyon da ake yawo da su sai ka ga an ɓata minti biyu ana nuna fitilar falo da labule, ga kiɗa yana tashi, ba a ko faɗi nawa 'yan haya suke biya ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin wanda muke yi a aji. Alal misali, a ce gida yana da sassa 4, kowanne ciki da falo, ana biyan naira 500,000 a shekara. Jimla ke nan naira miliyan 2. In an yi wa gidan kuɗi naira miliyan 40, sai mai saye ya shekara 20 kafin ya mai da uwar kuɗinsa. Wannan fa in ba a kashe ko kwabo ba ke nan. A ce gyaran kwano da kwashe masai da gyaran injin rijiya suna cin naira 400,000 a shekara, saura miliyan 1 da dubu 600, shekarun kuwa sun koma 25. In kuma sashe ɗaya ya yi wata shida ba kowa, lissafin ya sake canzawa. Waɗannan lambobi ni na ƙago su don misali kawai, amma irinsu ne mai hankali yake jira ya ji a farkon bidiyo: sassa nawa, nawa ake biya, nawa ne da mutane a ciki, yaushe kuɗin kowa zai ƙare.

Game da ɗaukar hoton, daga bakin titi ya kamata a fara, ba daga cikin falo ba. A nuna hanyar da ta kawo gidan, ko mota tana iya shiga, da magudanar ruwa, da maƙwabta. Sa'an nan a shiga ta ƙofa a tafi sannu a hankali kamar yadda baƙo zai shiga, kada a yanke daga soro a faɗa ɗaki, domin mai kallo ya san yadda ginin ya zauna. A ɗaga waya a nuna silin, gama tabon yoyo ba ya ɓuya. A buɗe famfo a ga ruwa yana zuba, in rijiyar burtsatse ce a nuna injinta da tankinta. A nuna mitar wuta, a kuma faɗi ko kowane sashe da tasa, ko ɗaya ce ake tarayya. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san rigimar kuɗin wuta da ta wankin makewayi su ne suka fi korar mutane, gidan da 'yan haya ba sa daɗewa a ciki kuwa asara ne ga mai shi. Da hantsi ko bayan la'asar aka fi samun haske mai kyau. Da tsakar rana tsakar gida takan yi fari fat, ɗakuna su yi duhu.

Akwai wata dabara da nake ganin ba ta da kyau. Wayoyi da yawa suna da madubin ɗauka mai faɗi, wanda ake gani an rubuta 0.5 a kansa. In aka tsaya a kusurwa aka ɗauka da shi, ɗakin da gado ɗaya ya cika sai ya koma kamar ajinmu. Hausawa suka ce gani ya kori ji, amma wannan gani ne na ido da aka yi wa wayo. Ya fi kyau a sa awo a faɗi tsawo da faɗin ɗakin, ko mutum ya tsaya a ciki don a kwatanta. Malamanmu na fiƙihu ma sun karantar da mu cewa wanda aka ɓoye wa aibi a ciniki yana da damar mai da kaya in ya gano.

Sai maganar 'yan haya, wadda masu ɗauka suka fi mantawa da ita. Gidan na mai shi ne, amma ɗakin da aka biya wa kuɗi sirrin wanda ya biya ne. Bai dace ƙato ya faɗo wa matan aure da waya ba sallama, ya ɗauki gadonsu da shanyarsu da 'ya'yansu, gobe dubban mutane suna kallo. A sanar da masu gida tun da wuri, a nemi izini, in akwai sashen da ba kowa a ɗauki wannan ya wakilci sauran. Haka kuma bai kamata magidanci ya fara jin za a sayar da gidan da yake ciki daga bakin abokinsa da ya gani a waya ba. Mutumin da ya biya kuɗin shekara yana da hakkin ya san makomarsa.

Bayan duk wannan akwai abin da hoto ba ya iya nunawa, watau takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, kuma ana bukatar amincewarsa kafin a mai da irin wannan mallaka ga wani. A Kano akwai hukumar KANGIS da ke ajiye bayanan filaye, can ake zuwa a bincika. Saboda haka mai talla ya faɗi irin takardar da gidan yake da ita, amma kada ya nuna lambobinta a fili, don 'yan damfara sukan kwashi bidiyon wani su sa lambar wayarsu, su karɓi kafin alƙalami a kan gidan da ba su ma san ƙofarsa ba. In gidan gado ne, a faɗa, domin sai duk magada sun yarda ciniki yake zama lafiya.

Shi kuma mai saye, bidiyo ya taimake shi ya zaɓi gida biyu ko uku daga cikin ashirin ba tare da ya ƙona mai ba. Daga nan sai ya taka da ƙafarsa, ko ya aiki ɗan'uwan da ya yarda da shi, ya gaisa da mai unguwa, ya zauna da 'yan hayar ya ji daga bakinsu nawa suke biya. In da hali ya je a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, washegarin da aka kwana ana ruwa, ya duba silin da lungun da ya kawo shi gidan.